Ya amsa laifinsa, na ce na yafe, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ƙaƙa ake maido da yarda?

Matar Mabera:

Slm 'yan uwa, dan Allah kuyi haƙuri da tsawon rubutun nan, na daɗe ina rubutawa ina gogewa, yau dai nace bari in saki ko Allah zai sa in dace da wanda zai faɗa min maganar da zata shiga kunnena, don gaskiya kalmar "kiyi haƙuri" na ji ta har ta daina yi min ma'ana.

Aurenmu shekara 11 ɗiya uku. Maigidana atamfa da shadda yake saidawa a babbar kasuwar Sakkwato kuma tsakani da Allah bai taɓa rage ni da ci ko sutura ba. Gobarar da akayi watan Janairun 2021 ta cinye shagonsa ƙurmus, ranar ya dawo rigarsa duk baƙin hayaƙi ya zauna bakin ƙofar kicin bai ce uffan ba, na kawo masa ruwa ya riƙe kofin har ruwan ya huce a hannunsa bai sha ba. Daga baya ya ci bashi nan da can ya sake tada shago muna lallaɓawa, sai ga wahalar canjin kuɗi farkon 2023 mutane na kwana layin banki suna neman dubu biyar, to wa zai sayi atamfa a wanga hali. Ni dai abinda nake gani yana fita da safe yana dawowa da cefane, in nace ya kasuwa yace alhamdulillah, shikenan.

Inada sarƙa da 'yan kunne na gwal giram 14, na mahaifiyata ne Allah ya jiƙanta, su na zaɓa a rabon gado na bar ma 'yan uwana sauran kaya. Suna cikin wani ɗan gwangwani na naɗe su da auduga a ƙasan akwatina ƙarƙashin zannuwan da bana ɗaurawa. Bayan ƙaramar sallah ta 2023 za ayi bikin ƙanwar ƙawata na buɗe, gwangwani na nan, auduga na nan a naɗe tsaf kamar ba a taɓa ba, gwal babu.

A lokacin akwai yarinya da nake riƙo, ɗiyar wata 'yar uwar babarmu daga wani ƙauye wajen Kware, shekararta 13, ita ke share min ɗaki. Na tsare ta da tambaya, na zazzage ƙullin kayanta tsakar gida gaban ɗiyana, tana kuka tana rantsuwa da Allah, na mare ta har sau biyu. Maigida yana falo yana jin komai. Abinda yace kawai "ki bar ta hakanan, abinda ya ɓata ya ɓata". Washegari nasa aka maida ta gida kuma ban ɓoye ma uwarta dalili ba.

Sai goman ƙarshe na azumin 2024, ya dawo daga tahajjud ya tashe ni tun kafin lokacin sahur yace akwai magana. Yace shi ya ɗauka. Ya saida su dubu 700 ya biya wani mutum da ke binsa kuɗin kaya wanda ya rantse sai ya kai shi gaban hukuma, kuma wai niyyarsa ya sayo min irinsu ya maida cikin gwangwanin kafin in lura, sai kuɗin gwal ya tashi ya bar shi a baya. Yana faɗa yana kuka, mutumin da ko ranar gobara ban ga hawayensa ba. Nace na yafe. Wlh da gaske na faɗa a lokacin, dare ne mai girma kuma tausayinsa ya kama ni.

To amma ga inda nake yanzu. In ya ce min yana kasuwa sai in kira shi ba don ina da magana ba sai don in saurara ko akwai hayaniyar kasuwa bayan muryarsa. In ya shiga wanka in ɗauki wayarsa in bi alat ɗaya bayan ɗaya. Na canza kwaɗon akwati makullin yana ɗaure a bakin zanena. In ya shigo da kilishi ko tsire yara na murna ni kuma raina na tambaya da kuɗin wa. Kuma ya lura, ya rage hira, yana zama majalisa har sha ɗayan dare, in ya shigo muna kwanciya kamar baƙi biyu a tasha. Yayata tace ai ya tuba me kuma nake so, gwaggona tace duk macen da kika gani a ɗakinta haƙuri take. Na sani. Amma ba wanda ya gaya min ƙaƙa akeyi.

Ina sonsa, bana son rabuwa, kuma ba gwal ɗin ne yafi ci min rai ba, zaman da yayi a falo yana ji ne. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, yarda tana dawowa kuwa? In tana dawowa ta wace hanya?

Uwar Biyu:

Wslm. 'Yar uwa ni bazan ɓoye miki ba raina ya ɓaci da na karanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mutum ya shiga akwatinki ya ɗauki kayan gadon uwarki, ya naɗe auduga ya maida, yayi shekara guda yana cin tuwonki yana kallon idonki, sannan ace kece mai laifi don kin duba waya? Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ai dole ya ja da baya, wannan ba ciwo bane hankali ne.

Kuma abin nan na "ya tuba me kike so" shi ke kashe mu. Tuba da baki ai kowa ya iya. Tun azumin 2024 zuwa yau ko ɗan kunne ɗaya ya sayo? Ko naira dubu biyar ya taɓa ajiye miki yace ga somin taɓi? In bai yi ba to hawaye kawai ya biya ki dasu. Ni shawarata kada ki saki makullin nan, abinda kike samu na sana'arki ki buɗe akawun naki ke kaɗai, kuma ki samu babban wanki ko kawunki ki gaya masa, ba don a raba ku ba, don dai ya san kina da mutane. Bance ki fita ba, ina da ɗiya nima nasan zafin abin, amma kada ki bari a maida ke mai laifi.

Inna ta Ƙofar Rini:

Ɗiyata, ni ban iya wanga rubutu na waya ba, autata ta karanta min labarinki, ni ka hwaɗi ita tana rubutawa, in kin ga kuskure nata na.

Na saurara tun daga hwarko har ƙarshe. Kin yi maganar gwal, kin yi maganar waya, kin yi maganar makulli, amma ban ji inda kinka ce kin koma wurin yarinyag ga ba. Ina take? Tun randa yah hwaɗa miki gaskiya kin taka kin tahi ƙauyensu? Uwatta ta san ɗiyatta ba ta ɗauki komi ba? Ko har yau tana yawo cikin gari da sunan ɓarauniya bisa kanta? Kin san ƙauye, magana in ta shiga ba ta hita, wurin ɗibar ruwa za a hwaɗa mata, makarantar allo za a hwaɗa mata, randa wani yaz zo nemanta sai an samu mai raɗa mishi. Ba don in ƙara miki nauyi nika hwaɗin haka ba, wallahi tausayinki nika ji. Amma ni tsohuwa ta, in ban gaya miki ba wa za ya gaya miki.

Ni ina ganin abin da ka hana ki kwana ba gwal ba na, kuma ba shi kaɗai na kinka daina yarda da shi ba, har da kanki. Ranan nan kin tabbata yarinya ta, kin tabbata har kinka ɗaga hannu, sai ga shi ba ita ba ta. To tun daga nan idonki bai ƙara yarda da abin da yag gani ba, shi yas sa kike ta bincike ba ki ƙoshi. Ko waya goma kinka diba ba ki samun natsuwa sai kin sauke wanga kaya.

Batun haƙuri kuma. Mu da munka taso an koya muna haƙuri shi na kurum. Na yi kurum shekara tara bisa wani abu da baban ɗiyana, Allah shi gahwarta mai, yay yi min, ina dahwa tuwo ina gaishe shi ina dariya ga baƙi, ciki na cina awa gara. Sai da wata malama da muke zuwa karatu wurinta tac ce min wanga ba haƙuri ba na, ajiya ta, kuma abin da anka aje wata rana a ɗauko shi. Haƙuri shi na ki hwaɗi abin da ka cinki da murya kwance, ki tsaya ki ji amsa ko ba ta yi miki daɗi ba, gobe ki tashi ki dama mishi hura. Garin ga tun zamanin Nana Asma'u ɗiyar Shehu mata ba su zan masu ƙunshe damuwa su kaɗai ba, 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka suke tahowa da jajinsu, mata masu jagorantar su, su ɗauki karatu su koma su koya ma 'yan uwansu. Ke ma ki nemi babbar mace mai ilimi mai riƙe sirri, guda ɗai, ba taron biki ba.

Kin taɓa tsayawa kin ga gyartai shina ɗumkin ƙwarya? Ba gehe guda yaka hudawa ba, nan da nan duka sai ya sa basilla, kannan shi ja zare su haɗu. Maigidanki sai ya ji huda, ke ma sai kin ji. Kuma ɗumkin ba ya ɓoyuwa, kowa yad diba ya gani, amma ana auna gero da ita shekaru.

Ku tahi wurin yarinyag ga ku biyu. Shi za ya buɗa baki shi ce shi na yaɗ ɗauka, gaban uwatta, ba ke za ki hwaɗa a madadinshi ba. Randa kinka ga ya iya wanga, kin samu abin da za ki aza yarda bisa.

Ɗan Albasa:

Assalamu alaikum. Hajiya ni namiji ne kuma abinda maigidanki yayi na taɓa yin ɗan uwansa, shi yasa na kasa wucewa. Ba kare shi zanyi ba, abinda yayi ba daidai bane musamman shirun da yayi kan yarinya, wannan ko shi ya sani. Amma bari in gwada miki cikin kan namiji ko zai rage miki wani abu.

Ni albasa nake lodi ana fita da ita ta Illela. Da akayi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe boda, kayana suna kan hanya, kuma kowa ya san albasa bata jiran kowa, kwana kaɗan cikin zafi da damina ta fara ruwa tana wari, ƙarshe da kuɗina na biya yara suka sauke ta aka zubar. Cikin jarin akwai kuɗin adashen matata da ta ɗauka ta bani in juya mata, akwai na ƙanena. Bodar bata buɗe ba sai watan Maris na 2024. Wata huɗu cur ina saka kaftani da hula kullum da safe in hau kabu-kabu in tafi wajen kasuwar Kara in zauna a rumfar wani abokina ba abinda nake, in azahar tayi inyi sallah in kwanta a masallaci, da yamma in ranci dubu biyu inyi cefane in koma gida ina cewa kasuwa sai godiya. In ta tambayi kuɗinta ince suna cikin kaya.

Wallahi ba raini bane ba kuma rashin so bane. Tun muna yara ake gaya muna namiji baya kuka, namiji shine rufin gida, to in rufi ya ce yana yoyo ina mutanen gida za su? Kullum sai kace gobe zan gyara kafin ta sani, goben nan ita ke kai mutum rami, ƙarya ɗaya sai ta nemi ta biyu ta tallafe ta. Ranar da maigidanki yana falo yana ji, na rantse miki ba daɗi yake ji ba, tsoro ne ya danne shi, kuma tsoron bai wanke shi ba.

Yadda muka gyara, ita ta kama ni ba ni na faɗa ba, ta ji a bakin matar ƙanena. Tayi sati biyu bata min magana sai gaisuwa. Abinda ya taimake mu, na ɗauko littafin da nake rubuta bashi na aje mata a gaba, duk wanda ke bina da nawa, har na mai shayi. Muka yanke duk Juma'a in na dawo masallaci muka ci abinci zamu zauna in gwada mata abinda ya shigo da abinda ya fita, wayata a buɗe alat ɗin banki ta karanta da kanta. Farko ji nake kamar ana tuɓe ni a kasuwa. Amma na lura tunda na fara miƙa mata da hannuna ta daina ɗauka a ɓoye. Abinda kike nema a wayarsa in yana wanka, ki gaya masa a fili kina so ya riƙa nuna miki, ki sa rana. Bincike a ɓoye yana ƙona mai yi da wanda ake ma, ita da kanta ta gaya min bata taɓa duba wayata ta ji sanyi ba ko da bata ga komai ba.

Sai abu ɗaya da zan roƙe ki. Ranar da ya fara gaya miki gaskiya marar daɗi, kada ki hukunta shi a kanta. Ni ranar da na fara shigowa nace mata yau ko sisi ban samu ba, gabana na faɗuwa, sai tace to akwai sauran gero bari in dama kunu. Da ta min tsawa ranar, wallahi da gobe na koma ranto dubu biyu ina ƙarya. Kunun nan har in mutu bazan manta shi ba. Kuɗinta sai da nayi wata goma sha huɗu kafin na gama biya, kuma ban ce ta koma kamar da ba ɗari bisa ɗari, har yau in nace kaya sun tashi takan ce wace mota, in gaya mata lambar.

Maman Islamiyya:

Allah sarki. Allah ya daidaita tsakaninku ya sanyaya miki zuciya. Maganar Inna ta sa ni hawaye, dan Allah ki bi ta.

Ɗalibin Zaure:

Wa alaikumus salam. Yaya, ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba, zan ƙara kaɗan kan abinda manya suka faɗa.

Na farko, a aya ta 21 cikin Suratur Rum abu biyu Allah ya ambata ya sanya tsakanin ma'aurata, soyayya da jinƙai. Malamanmu kan ce ranar da ɗaya ya yi rauni ɗayan ke riƙe gida. Tausayin da kika ji a daren nan ba wauta bane, kada kowa ya sa ki ji kunyarsa. Amma tausayi baya hana a bi haƙƙi. Dukiyar mace tata ce, aure baya halatta ma miji ya taɓa ta sai da yardarta.

Don haka ki zauna ki tambayi kanki, da kika ce kin yafe, laifin kika yafe ko har da gwal ɗin? In laifin ne kawai to bashi yana nan, kuma ba rashin kunya bane a rubuta shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu baya nufin ba a yarda da juna ba, yana hana shaiɗan samun wurin zama ne. Kuma ku kula da wani abu, kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, gwal kuma da dala yake tafiya, dubu 700 na wancan lokaci ba zai sayo miki giram 14 yau ba. Shawarata ku je wurin malami masanin fiƙihu ku biyu ya yanke muku da me za a biya, da giram ko da ƙima, sannan ya riƙa biya kaɗan kaɗan gwargwadon ƙarfinsa ba tare da an shaƙe shi ba. In abin ya ƙi zama tsakaninku, aya ta 35 a Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu ɗaya daga danginsa ɗaya daga naki, wannan yayi daidai da abinda Uwar Biyu tace na sanar da kawu, sai dai a zaɓi mai gyara ba mai hura wuta ba.

Na biyu duba waya. Aya ta 12 a Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin sirrin mutane. Ban kawo ta don in ɗora miki laifi ba, na san rauni ne ya kai ki, amma hanyar Ɗan Albasa ta fitar da ke daga wannan, abinda aka nuna miki da hannu ba leƙe bane.

Na uku shine mafi nauyi, yarinyar. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wane ne matsiyaci, sannan ya bayyana shi da wanda zai zo ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka amma ya zagi wannan, ya yi ma wannan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wannan, ya doki wannan, sai a riƙa ɗibar ladansa ana basu. Ki duba, cin dukiya yana ciki, ƙazafi da duka suna ciki. Ku biyun kuna cikin hadisi ɗaya, kuma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Kada ku bari wani azumin ya same ku baku je ba.

Matar Mabera:

Slm. Na dawo, kuyi haƙuri kwana tara ban leƙo ba. Na gode ƙwarai Allah ya saka ma kowa, Uwar Biyu na gode da kika ji zafina, Ɗan Albasa Allah ya ƙara buɗi, maganar kununka na karanta ta yafi sau biyar.

Inna, ranar da na karanta naki ban iya cin abincin dare ba. Gaskiya ce ban koma ba. Na sha cewa zan aika mata da atamfa da kuɗi, ban aika ba don nasan in na aika sai an tambayi dalili, in na faɗi dalili na tona asirin mijina, da wannan na riƙa rufe bakina, ashe asirinsa nake rufewa da sunan ɗiyar mutane.

Daren Laraba na jira shi har ya dawo majalisa, na aje masa fura na zauna nace inada magana kuma ba faɗa bane. Na gaya masa ina duba wayarsa, yace ya sani, yana barinta kan gado da gangan. Nace abinda ya kasa fita raina zamansa a falo ne. Yayi shiru har na ɗauka bazai amsa ba, sannan yace tun ranar duk sanda ya rufe ido a sujada muryar yarinyar yake ji tana rantsuwa. Nace to mu je. Yace Asabar.

Mun je. Mun iske ta tana surfe bayan ɗaki, ta girma har ta kusa kai ni tsawo, tana ganina ta aje taɓarya ta shige ɗaki. Aka shimfiɗa muna tabarma, uwarta da kawunta suka zauna, maigida ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya faɗi komai da bakinsa bai rage ba, har da cewa yana ji ana dukanta yayi shiru. Uwarta bata yi faɗa ba, da ma tayi da yafi min sauƙi, cewa kawai tayi "ni na san ɗiyata". Sannan ta gaya muna yarinyar ta daina zuwa islamiyya tun shekarar don yara na kiranta mai gwal, ko rijiya sai da sassafe take zuwa kafin mata su fito. Na shiga ɗakin na durƙusa na roƙe ta, bata dube ni ba, tana ta murza bakin hijabinta, ƙarshe tace "ai na gaya miki Anti". Bata ce ta yafe ba ni kuma ban matsa mata ba.

A mota muna dawowa ba mai magana, wajen shigowa gari alat ya shigo wayarsa, bai duba ba ya miƙo min yace karanta min. Dubu 18 ne wani ya biya kuɗin shadda. Batun gwal mun rubuta a takarda, ranar Lahadi zamu kai ma malamin unguwarmu. Bazan ce muku na warke ba, jiya ma da na kira shi sai da na kama kaina ina sauraren bayan muryarsa, kuma makullin yana nan bakin zanena.

Kawunta yace tunda a bainar jama'a sunanta ya ɓaci to a bainar jama'a za a wanke shi, yana so maigida ya dawo ranar Juma'a yayi bayani gaban liman da mai gari bayan an sauko, kuma ya amsa zai je, ya kuma ce shi zai ɗauki nauyin komawarta makaranta. Inna dan Allah a tambayar min ke, ni in bi shi ko in bari ya tafi shi kaɗai tunda taron maza ne?

Inna ta Ƙofar Rini:

Ki bi shi. Shi ya tsaya wurin maza, ke ki shiga cikin gida ki sa uwatta ta kira maƙwabta mata da malamar islamiyyarsu, ki hwaɗa da bakinki. Kuma ki tahi da ɗiyanki ukun nan da sunka tsaya tsakar gida suna kallo randa kinka zazzage mata kaya, a yi gabansu. Ku tashi da wuri kahin rana ta yi zahi.